Sawun Taya a Kan Tafki

Shekara ashirin da biyu na yi ina tuƙi a hamada, Agadas zuwa Dirku, Dirku zuwa Sigidin, ban taɓa yin ɓatan da ya wuce na rabin yini ba. Ƙananan direbobi har gida suke samuna su tambaye ni ta inda za su bi. Sai ga ni a ƙasar Kanada, a wani ɗan mitsitsin gari da ake zagayewa da ƙafa cikin awa ɗaya da rabi, na yi kwana shida ina neman gida guda ban same shi ba. Har yau in na tuna kunya nake ji, haushi kuma ya biyo baya.

Abin da ya kai ni can ba abin alfahari ba ne. Aikin hanya ne ya mutu. Turawa masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, ɗaukar fasinjan arewa ya zama abin ɗauri, motata kat-kat, irin mai keta rairayi, ta zauna a ƙofar gida har kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin kwana. Sai wani Usmanu, cikin dillalan tasha da muke kira kokse, wanda a da shi ke tara mini fasinja, ya zo mini da maganar Kanada: wai ana neman direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, kontira ta aikin shekara uku. Na sayar da motar na ba shi abin da ya nema. Ranar da mai sayen ya zo ɗauka, matata Ramatu ta ga yana ta murɗa makulli motar ta ƙi tashi. Ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, taka mata sau biyu kahin ka murɗa. Haka ta saba."

Zangona na farko gonar karas ce. Daga filin jirgi aka kwashe mu zuwa wata doguwar rumfar kwano a tsakiyar fili, a nan aka karanta mini takardata, karatun da Usmanu bai yi mini ba. Ba shekara uku ba ce, wata tara ce, kuma babu maganar kamiyo ko ta wasa. Aikina in tsaya gaban injin da ke zubo karas cikin ruwan sanyi ina tsince ruɓaɓɓu. Ni Sidi, da sandarmomi, jami'an tsaro, ke tsayarwa a hanya su tambaye ni ko rijiya kaza tana da ruwa, na koma mai tsintar karas. Na kira Usmanu, ya ɗauka sau ɗaya ya ce, "Yi haƙuri babban yaya, kuskuren biro ne, za a gyara shi cikin satin ga." Daga ranar lambarsa ta mutu.

Sanyi ya shigo, irin wanda ban san Allah ya halitta ba. Hannuwana suka tsattsage har ba na iya danƙe cokali. Duk Juma'a Ramatu takan kira ni ta waya mai hoto, yara su yi ta turereniya a bayanta.

"Baban Zara, kana cin abinci kuwa?"

"Lahiya lau, har na yi ƙiba."

"Wace irin mota suka ba ka?"

"Babba ce. Taya goma sha takwas."

Ƙaryar ta fito ne kafin in yi tunani, kuma tun da ta fito sai na ci gaba da yi mata ado. Na ba motar launi, na ba ta ƙaho mai ƙara, har ɗana ƙarami yana kwaikwayonsa.

Da karas ya ƙare patoro, mai gonar, ya sallame mu. Wani mutumin Gine mai suna Jallo, da muka yi aikin tare, ya shimfiɗa mini katifa a ɗakinsa a babban birni, shi ne kuma ya fayyace mini halin da nake ciki. Takardata a ɗaure take da gonar nan. In ban samu wani mai aiki da zai sa mini hannu ba kafin wa'adinta ya cika, sai in koma gida, ba mota, ba aiki, ba abin da zan nuna wa Ramatu sai hannuwa masu tsaga. Na bi wuraren aiki har takalmina ya buɗe baki. Kowa sai ya dubi takardar ya girgiza kai. Ranar da na zauna na lissafa, saura kwana goma sha ɗaya.

A ƙasan jakata akwai wani hoto da na yi shekara goma sha bakwai ina ajiye da shi cikin leda. Wani Bature ne ya ba ni, Rene, dogo mai gemu, mutumin wannan yanki na Kanada da ke jin Faransanci. Na taɓa ɗaukarsa daga Agadas zuwa Kawar, mota ta lalace mana kafin Sigidin, nesa da hanyar kamiyoyi. A rana ta biyu ruwa ya ja baya, hankalin Rene ya tashi, ya ɗauki gora ya ce zai tafi da ƙafa ya nemo taimako. Na riƙe shi ya fizge. Na kayar da shi na zauna masa a gadon baya, babba da shi, na ce masa a hamada ba a barin mota. Mota ana hango ta daga nesa, tana da inuwa. Mutum kuwa in ya yi tafiyar awa biyu rairayi ya haɗiye shi. Ya zazzage ni da Faransancinsu da ban ji rabinsa ba. A rana ta huɗu masu kamiyon dabino suka hango mu.

Da zai hau jirgi ya rungume ni yana kuka, ya miƙo mini hoton. Gida ne mai jan rufi, da farare-fararen itatuwa uku a gefe, da matakalar katako mai gangarawa cikin ruwa, a bayansa wani tudu mai giɓi a tsakiya. Ya ce, "Ga gidana. Ina da kamiyoyi uku masu ɗaukar katako. Garinmu ɗan ƙarami ne, in ka zo ka ce Rene kawai." Ya rubuta cikakken adireshi a wata takarda, wadda ruwa ya cinye shekarar da damina ta rusa mana ɗaki. Sunan mahaifinsa kuwa tun can bakina bai iya shi ba. Abin da ya rage sunan garin ne a bayan hoton. Ban neme shi tun farko ba don kunya: mutumin da ya san ni sarkin hanya ya gan ni da rigar wankin karas. Amma saura kwana goma sha ɗaya ba lokacin kunya ba ne.

Jallo ya duba a wayarsa ya ce garin yana nan kusa, tafiyar rabin awa a kar, wato bas, daga birni. Na shiga kar ta safe, ni kaɗai ne fasinjan da ke tafiya can; duk motocin da muka gamu da su birni suka nufa. A bakin garin akwai allo da sunansa da yawan mutanensa. Na karanta, adadin bai cika dubu ba. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ai ɗaurin auren ɗan babban ɗan kasuwa a Agadas ya fi haka tara jama'a. Na yi wa kaina alkawari kafin azahar ina shan shayi da Rene.

Bari in kwatanta muku garin, don in ba ku gane tsarinsa ba za ku ce wauta ce kawai ta same ni. Tafki ne a tsakiya, mai siffar ƙwayar wake, ya cinye fiye da rabin ƙasar garin. Hanyar gudro, wato kwalta, guda ɗaya tak ta zagaye shi ta koma inda ta fito. Bayan hanyar tuddai ne masu dogayen itatuwa, tsakanin hanyar da ruwa kuma gidaje ne a jere. Shi ke nan garin. Babu kasuwa, babu tasha, babu butik ɗin sayen kaya, babu mai shayi, babu masallaci, ko cocin nasu ma babu. Na zagaya sau biyu ina neman maƙabarta ban gani ba. Mutanensa kwana kawai suke yi a cikinsa. Da safe su fice birni aiki, kar mai ruwan ɗorawa ta kwashe yara, da yamma kowa ya dawo, ƙofar gareji ta buɗe da kanta ta haɗiye mota da mai ita. Da rana garin na karnuka ne da tsofaffi ƴan kaɗan masu leƙe ta labule.

Abin da ya fi ba ni haushi, duk gidajen sun juya wa hanya baya. Fuskarsu, da tagoginsu, da barandarsu, duk ruwa suke kallo. Mai tafiya a kan hanya ba ya ganin komai sai shingen itatuwa da ƙofar gareji da kwandon shara. Shi kuwa hoton hannuna daga cikin ruwa aka ɗauke shi. Kamar an nuna maka fuskar mutum ne aka ce ka nemo shi a cikin sahun salla daga baya.

A Agadas in ka sauka a tasha ka ce gidan Sidi direba, kafin ka rufe baki mutum uku sun nuna maka hanya, ɗaya ya ɗaukar maka jaka, ɗaya ya ba ka labarin kakana. A nan mutumin farko da na gani wani tsoho ne da kare. Na ce, "Bonjur Misye, gidan Rene nake nema." Ya ce, "Rene wa?" Na ce Rene dai, dogo mai gemu, wanda ya je Agadas. Ya ɗaga kafaɗa ya ja karensa. Shekara goma sha biyu, in ji shi, yana garin, bai san sunan maƙwabcinsa na dama ba.

Akwai ɗan ofishin magajin gari, meri, wanda bai fi zauren gidanmu girma ba. Matar da ke ciki ta saurare ni da kyau har ta haɗa mini kofi. Ta ce sunan kowa yana cikin injinta, masu suna Rene ma sun fi ɗaya, amma doka ta hana ta faɗa mini ko guda. Na ce, "Madam, ga sunan nan a gabanki, ga ni a gabanki, juyo da injin kawai." Ta yi murmushi mai ban tausayi ta ce ba ta iyawa. Ta ba ni takarda na rubuta saƙo da lambar Jallo, ta liƙa a allon sanarwa, kusa da hoton wata kyanwa da ta ɓata. Kyanwar an same ta washegari.

Sai na koma bin gida-gida. Mu a wurinmu in ka yi sallama a ƙofa ba a amsa ba, ka tafa hannu, ka ɗan matsa ciki ka sake yi. Ba wanda zai ce ka yi laifi. Haka na riƙa yi. In danna ƙararrawa, in jira, in ba a fito ba sai in bi ta gefen gida in zagaya wajen ruwa, in ɗaga hoton in gwada. A rana ta uku ina tsaye a bayan wani gida mai shuɗin fenti, dusar ƙanƙara har gwiwa, na ga wata tsohuwa a taga da waya a kunne, idonta kamar zai faɗo. Na ɗaga mata hannu na yi murmushi. Ta ja labule.

Ƴan sanda biyu suka zo. Ban ga laifinsu ba, ba su zage ni ba, ba su taɓa ni ba. Babban ya dubi takarduna ya ce, "Saura kwana takwas, Misye, ka sani?" Na ce na fi shi sani. Ya ce duk ƙasar da ke tsakanin hanya da ruwa tana da mai ita, in aka sake kiransu a kaina ba zan cika kwana takwas ɗin ba ma. Na ce, "To ruwan fa, shi kuma na wane ne?"

"Ruwan na kowa ne," in ji shi.

Kwana biyu na yi ina bin gudro kaɗai, ina tare duk wanda na gani da hoton a hannu. Masu gudun motsa jiki suna kauce mini. Wata mata ta miƙo mini kuɗi, na ce ba bara nake ba, ta ajiye a kan shinge ta wuce. Ina sallar azahar a rumfar jiran kar, a kan kwali, goshina yana manne wa sanyi. Ran nan Juma'a ce Ramatu ta kira, na ce mata ina kan hanya da kaya, ba dama in yi magana. Da na kashe wayar na zauna a rumfar na yi kuka, kukan da ban yi ba ranar da aka binne mahaifina.

A rana ta shida, saura kwana biyar, na tsaya a ɗan filin da ke kusa da meri, inda suke tura jiragen ruwansu in zafi ya zo. Nan ne kaɗai mutum zai kai bakin tafki bai taka ƙasar wani ba. Tafkin ya daskare, fari fat, shimfiɗe har wancan gefe, kamar filin gishirin Kawar da hantsi. Akwai allo da jan rubutu cewa lokacin narkewa ya zo, kada a hau. Na gani, na karanta, ba zan yi ƙarya ba. Amma a ƙarƙashin allon ga sawu nan, sawun irin babur ɗin nan nasu mai tafiya a kan ƙanƙara, ya miƙe har tsakiyar tafkin. Mu kuwa direbobin hamada sawu muke yarda da shi, ba allo ba. Inda mota ta bi ta wuce, wata ma za ta wuce, ko sawun ya yi wata uku. Na durƙusa na taɓa shi, gefensa bai rushe ba. Na yi bisimilla na hau.

Ina kaiwa tsakiya na juya, sai ga garin gaba ɗaya ya fuskance ni. Ashe kyakkyawa ne. Tagogi manya-manya, kujeru a baranda, lilon yara, wani yana shanya a ciki. Kwana shida ina bin ƙeyarsu, yau ga fuskokinsu. Na fito da hoton na yi abin da na saba yi a hanya: ban nemi gida ba, tudu na nema, don gida yana canzawa, tudu ba ya canzawa. Na juya a hankali har na ga giɓin nan, sak yadda yake a hoton. Na yi hamdala. Amma a ƙarƙashinsa babu jan rufi. Wani ƙaton gida ne na gilashi, sai dai a gefensa na hangi kamar fararen itatuwa. Na ce sai na matsa na gani da idona.

A nan sawun babur ɗin ya karkata hagu ya bar ni. Tsakanina da gaɓa akwai ƙasa iri biyu: ɗaya fara mai laushin gani, ɗaya mai duhu, sumul, tana sheƙi. Duk wanda ya yi tuƙi a hamadar Tenere ya san wannan. Farin rairayi shi ke cin taya, ƙasa mai duhu ita ce mai ƙarfi. Shekara ashirin da biyu wannan ilimi yana ciyar da ni. Ko tsayawa tunani ban yi ba, na bi mai duhun.

Taku na goma na ji ƙara kamar an karya busasshen icce. Na goma sha ɗaya babu ƙasa.

Ba zan iya kwatanta sanyin ba. Numfashina ya ɗauke, ƙirjina ya ƙulle, bakina a buɗe amma ko salati ya ƙi fita. Na kama bakin ƙanƙarar ya ɓalle, na sake kamawa ya sake ɓallewa. Rigar sanyin da Jallo ya ara mini ta sha ruwa tana ja na ƙasa. Abin da ya zo mini a rai ba mutuwar ba ce. Cewa na yi, za a gaya wa Ramatu mijinta ya nutse a ruwa, ta ce ƙarya ne, mijinta yana cikin kamiyo mai taya goma sha takwas.

Sai na ji ihun mace. Wata tsohuwa ce da rigar ɗaki da takalman roba, tana jan tsanin ƙarfe daga bayan gidanta. Ta ɗaura masa igiya, ta ɗaure ɗaya bakin a ginshiƙin matakalarta, ta kwanta rub da ciki ta turo tsanin a kan ƙanƙara. Tana ta ihu, "Kada ka tsaya! Kwanta! Kwanta a kai!" Nan take na gane. Haka muke fitar da mota in ta kafe: a sace iskar taya, a shimfiɗa farantan ƙarfe ƙarƙashin taya, a raba nauyi. Na ɗora ƙirjina a kan tsanin na baje hannuwa da ƙafafu, ina jan ciki, ita tana jan igiya tana zagina, har na ji duwatsun gaɓa a gwiwata. Da na ɗaga kai na ga shuɗin fenti. Gidan da aka kira mini ƴan sanda ne, kuma ita ce.

Sunanta Madam Luwiz. Ta tura ni ɗakin wanka ta jefo mini kayan marigayi mijinta, ta naɗe ni da bargo uku a kicin kusa da murhu, ta ɗura mini ruwan zafi da zuma. Faɗa take yi ba ta tsaya ba. Ta ce wurin da na bi bakin rafi ne, ruwa yana gudu a ƙasa, ko yaron goye a garin nan ya san ƙanƙara mai duhu ita ce marar kauri. Na ce, haƙorana suna kaɗawa, "Madam, a garinmu mai duhun ce mai ƙarfi." Ta tsaya ta dube ni. Ta ce, "Me kake nema a garin nan da har za ka mutu a kansa?"

Hoton yana aljihun ciki, ledar ta tsare shi. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Ta ce wannan gidan Rene ne mai kamiyoyi, gida biyu tsakaninsu, shekara talatin suna ɗaga wa juna hannu daga jirgin ruwa. Ƴarsa ta sayar da gidan shekara huɗu da suka wuce, wanda ya saya ya rushe shi ya gina na gilashin. Kamiyoyin ma an sayar. Rene yana gidan tsofaffi a birni. Ta cire tabarau ta ce, "Da ranar nan na buɗe taga na tambaye ka, da tuni ka sani. Tsoro na ji. Ka yafe mini." Na ce ni ne na shiga mata gida ba izini.

Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ta kira wata lauya ƴar ƙawarta, ta karanta mata takardata. Amsar ba ta da daɗi: sai mai kamfani ne ke sa hannun, kuma ko an samu yau, aikin takardun wata da watanni yake ɗauka. Ashe tun ranar da na lissafa goma sha ɗayan nan lokaci ya riga ya wuce. Duk da haka na ce ina son ganin Rene. Washegari ta ɗauke ni a motarta ta kai ni.

Mun same shi a kujera mai taya gaban taga, gemun ya yi fari, dogon mutumin nan ya koma kamar an ninke shi. Mai kula da shi ta ce ko ƴarsa ba ya ganewa yanzu, kada in sa rai. Na durƙusa na ce, "Misye Rene, Sidi ne. Agadas." Ya dube ni kamar bango. Na nuna masa hoton gidansa, ya kau da kai. Na rasa abin yi, sai na kama hannunsa na gaishe shi da Hausa, irin gaisuwar da na koya masa a hanya, ina kwana, ina gajiya, yaya rana.

Yatsunsa suka matse nawa. Ya dubi taga, ya dubi ƙofa, numfashinsa ya soma sauri.

"Shofer," ya ce, wato direba, yadda yake kirana a hanya. "Shofer, ina motar?"

Na ƙara riƙe hannunsa.

"Ina motar? Kai ka ce ba a barin mota. Kai ka ce! Me ya sa muka bar ta?" Yana ƙoƙarin tashi daga kujerar, idonsa cike da tsoron nan da na gani shekara goma sha bakwai baya. Mai kula da shi ta matso, na ɗaga mata hannu. Na dafa kafaɗarsa na mai da shi zaune.

"Tana nan, Misye. Ga ta can bayan tudu. Ba mu bar ta ba."

"Akwai ruwa?"

"Akwai ruwa da yawa. Zauna, za a zo."

Ya sauke ajiyar zuciya ya jingina. Bai saki hannuna ba sai da barci ya ɗauke shi.

A wurin ajiye motoci na ce da Madam Luwiz ta ba ni minti biyar. Ba Juma'a ba ce, amma na kira Ramatu. Tana tsakar gida, na ji ƙarar turmin maƙwabta da kiran la'asar daga babban masallaci ya soma tashi.

"Ramatu, babu kamiyo. Ba a taɓa yi ba. Karas nika wankewa, shi ma ya ƙare. Jibi-gata za ni taho, ba ni da komi."

Ta matso da wayar kusa da fuskarta.

"Baban Zara, na sani tun watan farko. Duk ran da ka ɗaga hannu kana gaida yara ina ganin shi. Shekara nawa ina zuba maka ruwan wanke hannu? Sitiyari bai tsaga hannu haka."

"To mi ya hana ki hwaɗi?"

"Kai ma mi ya hana ka? Taho gida dai. Mutumin da ya sayi motar ya zo nan sau ukku yana tambaya yaushe za ka komo. Ya ce ta ƙi jin maganar kowa."

Yanzu albasa nake ɗaukowa daga garaken Dabaga zuwa kasuwar Agadas, a cikin kat-kat ɗin nan dai, ana biyana a wata. Da yamma in kai ta ƙofar gidan mai ita in ajiye, in miƙa makulli in taho da ƙafa. Kowace safiya in na zauna a kujerar da ta lotsa daidai jikina, sai in taka mata sau biyu kafin in murɗa, ta tashi.